Tsakuwa Biyu a Gwangwanin Yaya

Motar da ke zuwa ɗaukar Yaya koriya ce, kuma na rantse tun tana wajen rijiyar Kusugu muke jin tahowarta, alhali tsakanin gidanmu da Kusugu sai ka tsaya ka sha ruwa a hanya. Tari take yi, irin na tsohon da ya shekara sittin yana zuƙar taba. Da ta karyo kwanar lungunmu sai kaji su watse, awaki su haye dakali, direba ya danna hon sau biyu, na farko dogo, na biyu gajere. Inna ta ɗaga murya daga madafa ta ce, "Auta, faɗa wa Yayanki amaryarsa ta iso." Shi kuwa ba ya jiran a faɗa masa. Tun da aka idar da asuba yana zaure, ya yi wanka, ya sa riga, hula a karkace, gwangwaninsa a kan cinya.

Yaya ya girme ni da shekara tara. Jikinsa ya girma har gemu ya tsiro, amma hankalinsa, in ji Inna, ya tsaya hutawa a hanya bai ƙaraso ba tukuna. Maganarsa gajera ce, kalma biyu ko uku, sauran ya cike da hannu. Yaran unguwa kan bi shi suna ce masa dolo, ni kuma tun ina aji biyu a firamare na ɗauki aikin gyara musu baki. Na fasa bakin yara sun kai arba'in a kan wannan kalmar. Inna ta ce uku ne, kuma ɗaya daga cikinsu da kansa ya faɗi. Ita ta san lissafinta, ni ma na san nawa.

Wurin da motar ke kai shi, gwamnati ce ta buɗe shi a bayan gari don irin su Yaya. Ɗaki uku ne da rumfa da wata ƙatuwar darbejiya. Ba a biyan ko sisi, ga mota, ga abincin rana, har da sabulu duk ƙarshen wata. Kafin a fara kai shi, Baba ne ke yi masa wanka, ana kokawa a banɗaki kamar za a kayar da bijimin layya. A can aka koya masa wanka da kansa, da sa maɓalli, da gaisuwa har da durƙusawa, da tufkar igiya. Igiyar gugarmu ma shi ya tufka ta, kuma ta fi ta kasuwa ƙarko. Wadda ta koya masa duk wannan wata 'yar gajeriyar mace ce, muryarta ta fi lasifikar masallacin Juma'a. Malama muke ce mata, ita kuma ta raɗa masa Monita.

Bayan an ƙaddamar da shari'a, aka ce a raba maza da mata a mota. Direba ya rasa labule, sai ya karɓi igiyar da Yaya ya tufka ya ɗaura a tsakiyar motar. Tun daga ranar Yaya ya naɗa kansa mai gadin igiya. Duk macen da ta doso ƙofa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Mata baya!" Har Malama bai ƙyale ba. Wata rana akuyarmu ta leƙa kanta cikin motar, ya sunkuya ya duba ta sosai, sannan ya ce mata, "Mata baya."

To, ga zancen gwangwani. Yaya bai san Litinin ba, bai san Asabar ba. A farkon zuwansa, duk ranar da babu makaranta sai ya wuni a bakin ƙofa yana kuka. Sai Malama ta samo tsakuwa biyar, ta tsoma su a ragowar fentin da aka yi wa motar, ta zuba masa a gwangwanin madara. Kullum da safe zai miƙa mata ɗaya a bakin mota, shi a ganinsa kuɗin mota ya biya. Ranar da ya girgiza gwangwani ya ji shiru, to hutu ne, sai ya miƙe a tabarma, ko gobara ake ba zai tashi ba sai ya ji hon. Shi ya sa ranar Litinin direba kan fara zuwa lungunmu ya danna hon ya wuce, ya kwaso sauran, kafin ya dawo Yaya ya shirya. Malama ta juye masa biyar ɗinsa a gwangwani, mako ya fara.

Wannan dabarar ta yi mana shekara huɗu. A shekarun nan Inna ta yi ƙiba. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, kuma daga safe har azahar babu mai kiranta, babu mai ɓata mata. Tana zuwa barka, tana zuwa gaisuwar mutuwa, har barcin hantsi na taɓa kama ta tana yi, ta ce wai idonta take hutarwa.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare, wata Alhamis, motar ba ta zo ba. Na tafi makaranta na bar Yaya a zaure, na dawo na same shi a kan dakali, rana ta dake shi har hular ta jiƙe. Juma'a ma haka. Baba ya rufe shagon ɗinkinsa, suka haɗu da sauran iyaye suka tafi ofishin da ke kula da wurin. Ya dawo bayan la'asar, ya zauna, ya sha ruwa moɗa biyu kafin ya yi magana.

"Sun ce ba rufewa aka yi ba, dakatarwa ce."

"Har zuwa yaushe?" in ji Inna.

"Wai kuɗin wurin bai shiga kasafin bana ba. Wanda ya buɗe ya sauka, wanda ya hau ya ce zai duba."

Inna ta ci gaba da murza gyaɗarta. Can ta ce, "Tufka da warwara ke nan. Gara ma yaron nan, shi in ya tufka ba ya warwarewa."

Duk mun gane, ban da mutum ɗaya. Baba ya yi masa bayani, Inna ta yi, limamin unguwa ma ya tsaya ya yi nasa har da jan aya. Yaya ya saurare su da ladabi, sannan ya girgiza musu gwangwani a fuska. Tsakuwa biyu suka amsa, ta Alhamis da ta Juma'a. "Akwai," ya ce. "Mota za ta zo." Tunda babu wanda ya karɓi tsakuwar Alhamis, to a wajensa Alhamis ba ta wuce ba. Haka muka yi wata uku gari yana wayewa a Alhamis a gidanmu.

Kullum wanka, kullum riga, kullum dakali. Inna kunnenta ɗaya a kasko, ɗaya a ƙofar gida, ƙuli-ƙulinta ya fara fitowa baƙi kamar gawayi. Duk abin da ya gifta mai launin kore, Yaya ya miƙe. Wata rana ya bi wata koriyar motar itace har tasha. Na dawo daga makaranta ko jaka ban ajiye ba aka tura ni nemansa, na zagaye garin Daura sau bakwai, a lissafina. Wani mai shayi ne ya riƙe shi, ya ce saura kaɗan ya shige motar Kongolam. Da na kamo hannunsa muna dawowa, yara suna binmu suna cewa, "Ina motar, dolo?" Ranar ko faɗan ban iya yi ba, ƙafafuna sun mutu.

A nan ne na yi dabarar da na ɗauka ta fi ta Malama. In gwangwani ya yi shiru, ai hutu ne. In hutu ne, ba dakali, ba rana, ba tasha, ni ma in huta da yawo. Na jira ya bi Baba masallaci sallar la'asar, don nan ne kawai yake rabuwa da gwangwanin. Na zaro shi daga ƙarƙashin tabarma, na juye tsakuwar a hannuna, na je bakin rijiyarmu na sake su. Ƙarar da suka yi ko ta ɗigon ruwa ba ta kai ba.

Washegari ya tashi zai ɗauki bokiti, ya girgiza gwangwani. Ya sake girgizawa a ɗaya kunnen. Ya leƙa ciki da ido ɗaya. Sai ya ce, "Hutu," ya koma ya kwanta.

Inna ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi, Allah ya yaye masa." Ni kuwa na tafi makaranta ina tafiya kamar wadda aka ba sarauta. Na so in faɗa wa kowa, amma na daure, don babban gwani ba ya yabon kansa sai an tambaya.

Kwana uku muna jin daɗi. A na huɗu Inna ta ce, "Tashi ka yi wanka." Ya ce, "Hutu." Baba ya ce ya zo su je masallaci, ya ce, "Hutu." Aka kawo masa kaba ya yi tufka, ya ture ta da ƙafa. Mako ya cika, na biyu ya shiga. Gemunsa ya cukurkuɗe, ɗakin ya fara wari, tuwon da yake cinye malmala uku ya koma gutsura ɗaya ya juya baya. Mutumin da ke gaida kowa har da kaji ya daina buɗe baki. Baba ya koma yi masa wanka kamar da, sai dai yanzu babu kokawa, zama kawai yake yi a zuba masa ruwa, kuma wannan ya fi kokawar ciwo.

Baba ya tsinto tsakuwa a hanya ya zuba masa. Yaya ya duba ya watsa wa kaji. Ni kuma na ɓata koren biro guda ina shafa wa wasu biyu, har yatsuna suka zama kamar na hawainiya, na lallaɓa na jefa a gwangwanin. Ya ɗauko ɗaya, ya shinshina, ya ce, "Ba na Malama ba."

Sai na tuna ai ba tsakuwa kaɗai ke tashinsa ba, akwai hon. Ni kuwa a ajinmu babu muryar da ban iya ba, daga ta shugabar makaranta har ta jakin mai ruwa. Ranar wata Asabar da hantsi na ɗauki mazurarin da Inna ke ɗura mai a kwalba, na fita waje na raɓe a jikin katangar zaure, na kafa baki na busa. Dogo, sannan gajere.

Na ji faɗuwar bokiti a cikin gida. Na ji ruwa na zuba. Na ji Inna tana cewa, "Kai, a hankali, ina za ka?" Ban gama dariyar nasarata ba sai ga shi ya fito a guje, jikinsa na ɗigar ruwa, maɓallin sama a ramin ƙasa, hula a hannu, ya miƙo gwangwani gaba don a zuba masa biyar ɗinsa. Babu kowa a lungun sai akuya ɗaya, sai ni da mazurari. Ya duba gabas, ya duba yamma. Ya taka har kwana ya leƙa, ya dawo. Sannan ya tsaya a gabana.

"Auta, mota?"

Ya daɗe yana kallon mazurarin. Sai ya shiga gida, ya kwanta da rigarsa, ya juya fuskarsa bango.

Na shirya wa duka, har na zaɓi inda zan tare da hannu. Inna ba ta ko ɗaga murya ba. Ta karɓi mazurarinta ta goge da gefen zane, ta ce, "Ina tsakuwarsa?"

"Suna rijiya."

"Wa ya kai su?"

"Inna, gani na yi rana tana..."

"Na ce wa ya kai su?"

"Ni ce."

Ta zauna a kan turmi, ta ce, "Rana tana dukansa, amma da ƙafarsa yake fita ya same ta. Yanzu fa? Sa hijabinki. Duk inda Malamar nan take a garin nan, ki nemo ta."

Sai da na tambayi mutum ya kai ɗari, ko dai biyar, kafin a nuna mini gidan, can bayan kasuwa. An mayar da ita wata makarantar firamare. Na same ta tana tankaɗe, ta ɗago ta gane ni nan take.

"A'a, ƙanwar Monita! Ina shugaban masu gadin igiya?"

Na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata komai, ban rage ba, kuma a karon farko a rayuwata ban ƙara ba. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Ke dai Allah ya yi miki kai, saura ya zuba miki hankali a ciki." Ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar jaka, ta zazzage a tabarma. Ƙulle-ƙulle ne a tsummoki, sun kusa ashirin. Wani maɓallai ne a ciki, wani marafan kwalba, wani ƙwallayen dabino, kowane ɗalibi da irin nasa. Ta kwance ɗaya, sai ga tsakuwa uku koraye, ta Litinin da ta Talata da ta Laraba.

"Kullum sai in ce zan zubar," ta ce, "sai in ce bari dai a ga kasafin baɗi."

"Malama, ki zo ki zuba masa."

"In zuba masa ya koma dakali yana jiran motar da ba ta da taya? Auta, ni ba gwamnati ba ce. Ba ni da mota, ba ni da tukunyar ciyar da mutum ashirin." Ta juya tsakuwar a tafinta. "Abin da nake da shi zauren nan ne, da yamma uku a mako, in maigidan ya yarda. Amma wa zai riƙa kawo shi?"

"Ni."

"Ke? Ba za ki jefa shi rijiya a hanya ba?"

Washegari bayan la'asar ta zo da ƙafarta. Ta gaisa da Inna, ta tsaya a bakin ɗakin Yaya, ta rufe tsakuwar a tafin hannu biyu ta girgiza. Bayansa ya motsa. Ta saki muryar nan tata ta ce, "Monita! Wa ya ba ka hutu ban sani ba?"

Ya tashi zaune. Ya dube ta, ya dubi bayanta ko zai ga mota. Sannan ya sauko ya durƙusa ya gaishe ta yadda ta koya masa, ya miƙa gwangwani. Ta sake su ɗaya bayan ɗaya, ta ce daga yau gidanta zai riƙa kawo mata su da ƙafa, mota tana asibiti. Ya juye su a hannu ya taɓa kowacce da yatsa.

"Saura biyu."

Malama ta juyo ta dube ni, Inna ma ta dube ni, ina jin har akuyar ta dube ni.

"Suna rijiya, Yaya. Ni na jefa."

Ya miƙe ya je bakin rijiya ya leƙa, ya daɗe. Ya dawo ya tsaya a kaina, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Auta banza." Sannan ya ɗauki bokiti ya nufi banɗaki. Inna ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa, har yau ban san dariya take ko kuka ba.

Shekara biyu ke nan muna wannan tafiya, Litinin da Talata da Laraba. Ba ya fita sai na tsaya a zaure na yi masa hon da baki, dogo da gajere. Ya san ni ce, amma doka doka ce. A hanya kuwa ba ni da izinin jerawa da shi, da na matso sai ya ce, "Mata baya!" Su biyar ne ke zuwa zauren Malama, waɗanda gidajensu ke kusa. Na ƙauye babu mai kawo su. Akwai wata yarinya daga wajen Dutsi da ta iya saƙa hula a wancan wurin, mun ji an ce yanzu kulle ta ake yi a ɗaki in uwarta za ta gona. Ƙullinta na nan a jakar Malama.

Inna ba ta mayar da ƙibarta ba. Wani lokaci tana tuƙa ƙuli sai ta ce, ba da ni take ba, ba kuma da kowa ba, "Malama mutum ce, mutum kuwa yakan gaji. Mu ma ba dawwama za mu yi ba." Nakan ce mata ai ina nan, in na yi aure, tare da Yaya za a kai ni, shi ne gara. Takan ce in rufe mata baki.

Na ga motar sau ɗaya, ta ramin katangar wani ofis. An ɗora ta a kan duwatsu, kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Igiyar Yaya tana nan a ɗaure a tsakiya, ko sassautawa ba ta yi ba. Ban faɗa masa ba.

Da rani ya yi tsanani bana, ruwan rijiyarmu ya ja baya, Baba ya kira masu yasa. Duk taɓon da suka fito da shi sai da na bi shi da hannu, na wuni ina dama laka har masu yasar suka tambayi Baba ko zinariya ta faɗa. Dab da magariba na samu ɗaya. Fentin ya ɗan kwaile a gefe, amma ita ce. Na wanke ta na ruga zan kai masa, Inna ta riƙo hijabina.

"In kin ba shi, wa zai karɓa ranar Alhamis?"

Tana cikin gwangwanin fensirina yanzu, tare da reza da guntun magogi. Da safe in wata tsohuwar mota ta karyo kwana tana tari, Yaya yakan ɗaga kai ya saurara, sai ya ci gaba da tufkarsa. Inna ta ce ni ce ke riga kowa zuwa zaure, wai ta kama ni ina leƙe da gwangwanin fensir a hannu ya kai sau arba'in. Sau uku ne.